Moser Mai Yatsu Tara

Ni ne na yi laifi. Ba zan ɗora wa sanyi ko rashin jin yare ba, ko da yake su ma sun yi nasu. Na yi wa wata tsohuwa ƙarya a ƙasar Otirish da ke Turai, na dawo Yamai na yi wa mahaifina irinta. Tsakanin ƙaryar farko da ta biyu akwai mako bakwai, lokacin da ya ishi mai hankali ya gyara. Ban gyara ba.

Sunana Lawali Habu, gyaran fanfon foraj, wato rijiyar burtsatse, ne sana'ata, kuma ban gama kwaleji ba. Wata ƙungiya mai harkar ruwa ce ta tura mu sitaj na wata huɗu, mu koyo gyaran fanfo mai aiki da hasken rana. Mu biyu ne, ni da Jibo, Bazabarme, wanda tun muna yara a unguwar Kirkissoye yake kirana bawansa don ni Bagobiri ne, ni ma ina rama masa.

Ban da kayan sawa da garin yaji, abu guda na ɗauka, kuma ba nawa ba ne. Tun kafin a haife ni Baba ya yi wa wani Annasara direba, mai haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Dakoro. Mushe Moser ake ce masa, wato Malam Moser da Faransanci, mutanen ƙauye kuwa suna ce masa Dogo. Ƙaramin yatsansa na hagu babu, igiyar inji ta cinye shi. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi za a wuce da shi asibiti, ya miƙa wa Baba busol ɗinsa, ɗan ƙarfen nan mai allura da ke nuna arewa, ya ce, "Riƙe mini, zan dawo." Bai dawo ba. Baba ya zo da abin daga Maradi har Yamai. Shekarar da ruwan kogi ya shigo mana gida, shi ya fara ɗauka kafin rediyo. Ko alƙibla bai taɓa nema da shi ba, ya ce ba don wannan aka ba shi ba.

"Ba na son in shiga kabari da kayan mutum," in ji shi. "Ka nemi shi ko 'ya'yansa. An ce ƙasar tasu ba ta kai jihar Damagaram girma ba. Wuyarta ka tambaya."

Moser ne kawai sunan da ya sani.

Zangon farko Biyana, babban birninsu, inda muka yi mako guda ana cika mana takardu. A ɗakin da aka sauke mu na rasa gabas, don rana ba ta fito ba kwana huɗu, sama fari fat kamar an shafa mata toka. Na kwance tsumman busol na nemi alƙibla. Jibo ya ce, "Abin da tsoho ya tsare shekara da shekaru, bawa ya buɗe a kwana huɗu." Na yi dariya. Yanzu da nake tunawa, nan ne igiyar ta fara sakewa.

A kan hanyar ofishin takardu na ga allo a ƙofar wani kanti: Moser. Na ce wa Jibo ka ga ikon Allah, ko mako ba mu yi ba. Muka shiga, ashe mahauci ne, naman alade rataye ko'ina. Na toshe numfashi na gaishe shi da Faransanci, na ce mahaifina ya san mahaifinsa. Ya dube ni, ya dubi Jibo, ya nuna nama da wuƙa yana tambaya da ido wanne za a yanka mana. Muka fito. Ba mu yi tafiyar minti goma ba sai ga wani allon, Moser, likitan haƙori. A gefen wata motar ɗaukar kaya ma Moser.

Ga inda kaina ya ɗaure. Mu a wurinmu sunan mutum na biyu sunan ubansa ne. Ni Lawali Habu ne don Habu ya haife ni, ɗana kuma Lawali zai ɗauka, ba Habu ba. Sunan Moser kuwa ban taɓa jin sa a kan kowa ba sai mutum ɗaya. Saboda haka lissafina ya ba ni cewa mahauci da likita da mai mota duk 'ya'yan Dogo ne. Na ce wa Jibo, "Wannan bawan Allah ya hayayyafa."

"Kuma an ce mace ɗaya suke aura," in ji shi. "Allah ya ji ƙan matar."

A babbar gar, wato tashar jirgin ƙasa, muka gamu da wani baƙar fata mai jin Faransanci, da kwat mai kyau da baki mai daɗi. Ya kira mu 'yan uwa. Da na ba shi labari ya ce ai aikinsa ke nan, neman dangin da suka ɓace, yana da mutane a ofishin magajin gari. Na ba shi abin da ya nema daga guzurina. Washegari ya kawo mini takarda shafi shida, sunaye da lambobin waya, duk Moser, ya ce asirin gwamnati ne, kada in nuna wa kowa. Ban sake ganin sa ba. Daga baya na gano littafin lambobin waya ne da kowa ke iya dubawa kyauta, ya buga mini.

Zango na biyu Graz, inda makarantar take. Ɗakinmu yana bayan wurin aikin, taga ɗaya, tana kallon bango. Burodi mai tauri, dankali, miya mai kama da ruwan wanke kwano. Yajin da na zo da shi ya ƙare a mako uku don Jibo har a shayi yake so ya zuba. Ba sanyin ne ya fi damuna ba, shirun ne. Ka shiga mota cike da mutane ka yi sallama, kowa ya kau da kai kamar ka roƙe shi wani abu. Na yi kewar hayaniyar Zongo, har zagin da 'yan kabu-kabu ke yi a kan gada na yi kewa.

Kullum bayan aiki ina kiran lamba biyar daga cikin takardar. Wasu su kashe da jin muryata. Wani ya yi ta faɗa da yarensu. Wata mata ta ce in zo, na je, sai na tarar 'yar ƙasar Filifin ce, mijinta ne Moser, ita ma ta zama Moser. Ta ba ni shinkafa mai zafi, ta ce ita ma shekara goma sha biyu ba ta ga uwarta ba. Na ci ina mamakin yadda mace za ta ajiye sunan ubanta ta ɗauki na uban wani.

Malaminmu na wurin aiki, wani mai ƙaton gashin baki da ya taɓa zama a Bamako, shi ya zaunar da ni.

"Lawali, Moser ba sunan uban kowa ba ne. Sunan gida ne, ana gadonsa tun kakannin kakanni. Dubbai ne a ƙasar nan."

Na ce, "To ai dangi ne ke nan. Kamar mu Gobirawa da tsagarmu. In na ga mai tsaga a Abijan, zan tambaye shi garinsu, kafin mu rabu mun gano wanda muka sani tare."

"A'a. Ba su san juna ba."

"Suna ɗaya, ba gaisuwa?"

"Ba gaisuwa."

"In ɗaya ya mutu fa?"

"Sauran ba za su ji ba."

Na kasa gane amfanin sunan. Har yau ban ce na gane ba. Amma mutumin kirki ne. Ya rubuta 'yar sanarwa a wata jaridar ƙauyuka, cewa wani baƙo yana neman dangin wani Moser da ya yi aiki a Afirka da daɗewa, akwai saƙo. Afirka ya rubuta, bai rubuta Nijar ba, don ya ce mutanensu ba sa bambancewa.

Bayan kwana goma aka kira. Muryar tsohuwa ce, da Faransanci mai rawa. Ta ce sunanta Hilda Moser, yayanta Alois ya tafi Afirka yana saurayi bai dawo ba.

Zango na uku ƙauyenta, a gindin wani dutse, jirgin ƙasa biyu da mota ɗaya daga Graz. Ranar Lahadi na je, ni kaɗai. Na sauka a tashar da ba ita ba, na yi tafiyar ƙasa cikin ƙanƙara da takalmin da na saya a Zongo, wanda mai kanti ya rantse mini na ƙasar sanyi ne. Kafin in kai ba na jin yatsun ƙafata. Tana tsaye a ƙofa, 'yar ƙarama, ta haura tamanin. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zaunar da ni kusa da murhu, ta kawo ruwan ɗumi a roba, ta ba ni safar yayanta ta ulu. Ta ce ta tambayi limamin cocinsu abin da Musulmi ba ya ci, ta dafa kaza. Wata biyu ke nan ba wanda ya dube ni ya ga ina jin sanyi.

Ba ta taɓa aure ba. Faransancin a otel ta koya, a Suwis, tana budurwa. Bayan mun ci ta ɗauko akwatin gwangwani. Wasiƙa biyu da hoto ɗaya.

Na dubi hoton. Gajere ne, mai ƙiba, yana dariya, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyarin keke. Na ƙirga yatsun ba da niyya ba. Goma. Na juya ambulan ɗin, kan sarkin da ke jiki na Kamaru ne.

Ba zan ce ban sani ba. A minti ɗaya na sani.

"Nijar kusa take da nan?" ta tambaya, ta ɗora yatsa a kan kan sarkin.

Na ce, "Kusa ce, Inna."

"To ya ƙetara ke nan. Shi ya sa wasiƙunmu ba su same shi ba. Me ake ce masa a can?"

"Dogo. Wato mai tsawo."

Ta ɗago kai. "Alois? Ko kafaɗar babanmu bai kai ba."

Nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa in fita. Na ce, "Mu can haka muke, gajere ake ce wa Dogo, don wasa."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce lallai shi ne, ko a makaranta tsokanarsa ake yi. Na ciro busol na ba ta. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta ce ba ta san shi da shi ba, amma yana son irin waɗannan abubuwa. Ta ajiye shi a kan tebur, kusa da hoton.

Na sha tambayar kaina dalili. Na gaji da kiran waya, gaskiya ne. Ina son in sauke kayan, gaskiya ne. Na ga tsohuwa tana murna na kasa kashe mata, wannan ma akwai, kuma shi na fi son in faɗa wa kaina. Amma wanda ya fi su nauyi shi ne ina son in dawo Lahadi mai zuwa in zauna kusa da murhun nan. Na kuwa dawo, Lahadi shida a jere. Kowane zuwa sai na kawo mata labarin Dogo daga cikin waɗanda Baba ke ba mu, in sa wa Alois. Yadda ya sha hura ya ce a ƙara. Yadda ya shiga rijiya da kansa ya fito da akuya. Yadda mata suka yi masa waƙa ranar da ruwa ya ɓullo. Labarin yatsa ne kawai ban taɓa kawowa ba. Tana rubutawa a wani littafi, tana cewa, "A hankali, ɗana, hannuna ba ya sauri." Ta ce shekara da shekaru tana zaton ya mutu a wulaƙance, ashe mutane sun so shi. Wani lokaci, ina cikin magana, ni kaina sai in ga gajeren mutumin nan a bakin rijiyar Dakoro, in rasa wanne ne na Baba, wanne ne nawa.

Jibo na gaya wa gaskiya tun Lahadin farko. Bai yi mini wasa ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

"Lawali, tsohon nan ya riƙe amana tun ba a haife ka ba, kai ka sayar da ita a kan kaza."

Na ce ai duk Moser ne, daga hannun Moser ya fito, hannun Moser ya koma.

"Kai da bakinka ka ce ba su san juna ba."

Na ce ya bar ni. Ya bar ni.

Zango na ƙarshe gida. Mun sauka Yamai da rana tsaka, zafi ya rungume ni kamar ɗan uwa. Muka ƙetare gada, na ga kogi, na ga masu wanki, na ga Baba zaune a gindin bedi a ƙofar gida. Ko ruwa bai bari na sha ba.

"Ka same shi?"

"Ya rasu, Baba. Ƙanwarsa na samu. Na ba ta hannu da hannu."

Ya yi salati, sannan ya ce alhamdu lillahi sau uku. Washegari ya sa aka toya masa, wato waina, aka raba sadaka. Ya gaya wa mutanen masallaci cewa ɗansa ya je har ƙasar Annasara ya sauke masa nauyi. Tsofaffi suna tare ni a hanya suna sa mini albarka. Wani ya ce wa ɗansa a gabana, "Ka ga 'ya'ya." Abinci ya daina yi mini daɗi. Matata ta ce ko cikina ya saba da na can ne.

Bayan wata guda wasiƙa ta zo ta akwatin gidan waya na wurin aikinmu. Jibo ne ya ɗauko. Bai kawo mini ba, gida ya wuce da ita. Da na tare shi daga baya ya ce, "Sunan Baba Habu ne a kai, ba na bawa ba."

Na dawo da la'asar na tarar da Baba a gindin bedi, tabarau a hanci, hoto a hannu. Inna Hilda ce ta sa aka wanke masa kwafi, ta rubuta a baya cewa tana gode wa mutumin da ya kula da yayanta. Baba yana da Faransancinsa na direbobi, ya karanta da kansa.

"Zauna, Lawali. Wannan wane ne?"

Na ce shi ne, yana saurayi, kafin ya zo Nijar.

"Mutum yana gajarta da tsufa. Ban taɓa jin wanda ya ƙara tsawo ba." Ya matso da hoton kusa da idonsa. "Kuma Dogo ya gaya mini yana ɗan shekara goma sha biyar inji ya cinye masa yatsa, a gonar babansa. Wannan da gemunsa, yatsunsa goma."

Wannan ban sani ba. Ni duk zatona a rijiya ya rasa shi.

Na gaya masa komai, tun daga mahauci har murhu. Bai ɗaga murya ba. Da ya mare ni da na fi jin sauƙi.

"Da ka dawo mini da shi ka ce ba ka same su ba, da na gode maka, don ka yi iyakar ƙoƙarinka. Yanzu kaya ɗaya na ba ka, ka dawo mini da biyu. Ga na Dogo, ga na matar nan. Na kuma tsaya a masallaci na ba da shaidar abin da bai faru ba."

Na ce, "Baba, a bar mata. Ta tsufa, ba ta da kowa. Abin nan shi ne farin cikinta. In na karɓe, me na bar mata?"

"Nawa ne da zan bar mata?"

Ya nuna wayata da yatsa.

"Kira ta. Nan, a gabana."

Na ce sai gobe, yanzu ƙila tana hutawa. Ya ce shi ma yana jiran goben Dogo har yau.

Kafin in faɗi abin da na ce mata, bari in faɗi abin da ya biyo baya, don ba shi da yawa. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma amsa ba. Na ji numfashinta na ɗan lokaci, sannan ta ajiye wayar a hankali. Ranar Juma'a Baba ya tashi a masallaci ya janye maganarsa, ina zaune a sahu na biyu. Bayan wata biyu wani ɗan ƙunshi ya zo. Busol ne, a naɗe cikin safar ulun nan da ta ara mini ranar farko. Babu wasiƙa. Na juya safar ciki da waje, babu komai. Jibo ya ce yafiya ce, matata ta ce sallama ce, Baba ya ce ba a tambayar wanda aka cuta ma'anar shirunsa. Busol ya koma cikin akwatin Baba. Malamin nan mai gashin baki ya sake sa mana sanarwa, wannan karon da Nijar da Dakoro da yatsu tara. Har yanzu ba wanda ya kira.

Ranar da na kira ta kuwa, a gindin bedi, wayar tana kan tabarma tsakanina da Baba, Inna Hilda ta ɗauka ta ce, "Ɗana! Hoton ya iso?" Ni kuwa na ce:

"Ya iso, Inna. Kada ki ce mini ɗanki sai kin ji. Mutumin da babana ya yi wa aiki ba yayanki ba ne. Na san haka tun ranar farko, tun ina sanye da safarsa. Hura da akuya da waƙar mata, duk na wani ne, ni na ɗora wa Alois. Ban san inda ya zauna ba, ban san yadda ya ƙare ba, ban taɓa ganin wanda ya san shi ba. Busol ɗin ma ba nasa ba ne, kuma babana yana roƙon a dawo da shi, don ba mu da ikon ba da shi. Kin ba ni wuta da abinci ba don labari ba, kin ba ni tun kafin in buɗe baki. Ni ne na ji tsoron in na faɗi gaskiya ba zan sake samun wurin zama ba. Na sa kin cika littafi da ƙarya da hannunki mai ciwo. Ba ni da abin da zan mayar miki a madadinsa. Ki yafe mini, Inna, in kin iya. In ba ki iya ba, ba ki yi laifi ba."